Yatsu Biyu a Kan Sitiyari

Litinin, 8 ga Yuni 1998, da hantsi

Shekara talatin da ɗaya ke nan rabon da ƙanena Delmar ya ɗaga mini yatsa a kan hanya. Washegarin da aka karanta wasiyyar Baba ne, wadda ta ba shi gona da makiyaya da wurin da ake kira Tudu, ni kuma ta ce na riga na cinye gadona a jami'a. Muka haɗu a hanyar burji, ina fita yana shigowa. Na ɗaga yatsa daga sitiyari yadda kowa ke yi wa kowa a nan, har baƙon da ya ɓata hanya, har wanda ya taɓa kai ka kotu. Ya kafe idonsa a gaba ya wuce. Tun ranar ban sake ɗaga masa ba, shi ma haka. Na yi wa kaina alkawari shi zai riga ni. Na sha rubuta wannan, na sake rubutawa yau don kada a ce tsufa ya sa na manta.

Matarsa Arlys ta zo da safen nan. Ta ƙi zama.

"Leland, za mu asibiti a Denver. Sun ce sati biyu, ko uku."

"Wa ke ciwo?"

"Dubawa kawai za su yi." Labulena take kallo tana magana.

Tana son wanda zai duba ruwan shanu, ya sa musu gishiri, ya yanke ciyawar Tudu saboda baƙi masu zuwa gani. Na ce suna da maƙwabci, Orval Dinkel na nan da ransa.

"In Orval ya ji da safe, kafin rana ta take duk gundumar ta ji. Del ba ya son kwanukan abinci a bakin ƙofa da fasto a falo."

"Ni kuma fa?"

"Kai ba ka magana da kowa."

Na koyar da Latin da tarihi shekara goma sha tara a garin nan, har aka haɗe makarantarmu da ta wani gari aka manta da ni, na ƙare ina auna danshin hatsi a rumbun ƙungiyar manoma. Ga takardar shaidar da na samu a ƙarshe: ba na magana da kowa.

"Shi ya aiko ki?"

"Cewa ya yi gara shanun su mutu."

"To, zan je."

Talata, 9 ga Yuni, da yamma

Ruwan jiya ya ɓata hanya, cikin ƙaramar motata sai gogar ƙasa yake. Na kai ta gidansu da ƙyar na cusa ta a rumfa, na ɗauki a-kori-kurarsa, shuɗiyar nan mai lotsattsen gefe. Makulli na jiki kamar kullum. Ciki warin taba ne da giris da kare, ko da yake karen ya mutu tun bara. Arlys ta ce in kwana a gidan. Ɗakina na dā ya zama ɗakin keken ɗinki, amma gadon na nan.

Ban hau Tudu ba tun jana'izar Baba. Yana nan yadda yake, wato babu shi. Hanya tana hawa a hankali yadda injin mota kaɗai ke ji, sai ka iske turken ƙarfe da benci da allon da ke cewa nan ne wuri mafi tsayi a duk jihar. Ko'ina ka juya ciyawa ce da sama. Na iske miji da mata daga Ohio suna zagaye turken.

"Dattijo, ina ƙololuwar take?"

"Kana tsaye a kanta."

Ya dubi takalminsa. Matar ta yi dariya har ta dafa benci. Kwana biyu suka yi a mota don wannan. Na ɗauke su hoto, don sun roƙa.

Laraba, 10 ga Yuni, rana tsaka

Rana na dukan idona da safe, sai na sa hular Delmar da ke kan kujera. A mararraba na haɗu da Orval. Ya ɗaga yatsu biyu, ya ƙara da hon. Na waiga in ga wa ke bayana. Babu kowa.

A motata yatsa ɗaya nake samu, shi ma rabi, irin wanda ake ɗaga wa tsohon malamin da ya taɓa kayar da kai a jarrabawa. Yau matar da ke raba wasiƙu ta kunna mini fitila sau biyu. Wani mai jan tirelar shanu ya fito da hannunsa gaba ɗaya ta taga. Mutanen nan mota suke gaisarwa, ba mutum ba. Na daɗe da sani, har na taɓa kawo wa ɗalibaina shi a matsayin misalin ƙauyanci. Ban san yana da daɗi ba.

Na amsa wa kowa. In ban amsa ba za su ce Delmar na fushi, su biyo gida su tambaya. Saboda sirrin Arlys na yi.

Alhamis, 11 ga Yuni, da safe

Famfon iska na aiki, kwami cike. Na yi barci har rana ta fito.

Asabar, 13 ga Yuni, da hantsi

Na shiga gari a motata don burodi da ƙwai, na tsaya shan kofi a shagon Twila. Tsohuwar ɗalibata ce, har yau in ta gan ni sai ta gyara tsayuwa.

"Malam Hruska, baƙi ko da madara?"

"Shekara nawa kina tambayata?"

"Ina jira ne wata rana ka canza."

Orval na teburin taga da ayarinsa. "Farfesa, ka fito daga rami? Na ga ƙanenka jiya. Ya koma tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai."

"Tsufa ne," in ji wani.

"Tsufan me? Arlys ce ta tafi wurin 'yar'uwarta, yana tsoron kada ya fasa mota ba mai dafa masa miya."

Suka yi dariya. Orval ya juyo gare ni. "Ka yi haƙuri, na manta ba a ambatonsa a gabanka."

Na ce ya ambata, ba a hana kowa ba. A hanyar komawa na haɗu da surukin Orval. Rabin yatsa. Na ƙagu in kai rumfa in canza mota.

Talata, 16 ga Yuni, da maraice

Arlys ta bugo waya. Sun fara ɗura masa abin da suke ɗurawa. Abinci ba ya zama a cikinsa. Ta ce ba sati biyu ba ne.

"Ya tambaye ni?"

"Ya tambayi shanu."

"Ki ce masa sun fi ƙiba yanzu."

Sai na ji tana dariya ko wani abu mai kama da ita. Na fita na zauna a baranda. Iska ta kwanta, alkamar gonar yamma ta fara ɗaukar launi daga gefe. Ba na son rubuta sauran abin da ta faɗa.

Alhamis, 18 ga Yuni, da yamma

Na yi wa Delmar ɓarna yau. Na haɗu da Vern Kuhlman a kan giredarsa ta gyaran hanya, na ɗaga masa yatsu biyu ba tare da tunani ba. Saura kaɗan ya afka rami. Sai daga baya na tuna shi da Delmar ba sa ga-maciji tun wata rigimar kwalbati da aka yi kafin a haifi 'ya'yan Vern.

Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Juma'a, 19 ga Yuni, da rana

Vern ya bi hanyar Tudu da gireda tun daga mararraba har turken ƙarfe. Gargadar da ke kaɗa wa mutum haƙora ta tafi. Ta yi sumul, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, irin ƙarar da nakan ji a barci lokacin da nake ɗalibi a birni. Na bi ta sau biyu ba dalili.

Lahadi, 21 ga Yuni, da hantsi

Ban je coci ba, dama ba na zuwa. Na yanke ciyawar Tudu na zauna a benci. Barewa uku sun tsaya suna kallona. Tsuntsun nan mai rawayan ƙirji ya sauka kan waya yana ta abinsa.

Wani mutum ya zo daga Oregon, mai tara wuraren tsayi jiha-jiha. Ya fito da igiya da hular kwano da gatarin hawan ƙanƙara, ya kwanta rub-da-ciki a ciyawa ya riƙe gindin turken kamar zai faɗo, ya ce in karkata kyamara. Na karkata.

"Akwai wanda ya taɓa mutuwa a hawan nan?"

"Wata saniya, amma tsawa ce."

Ya ce ni ne mai wurin? Na ce na ƙanena ne. Ya ce ƙanena ya yi sa'a. A dā da na ba shi amsa mai tsawo, har da shekarar wasiyya. Na ce masa haka ne, ya yi hankali da macizai wajen buɗe ƙyaure.

Ina muke wasa a nan muna yara? Akwai wani ɗan kwari ta kudu inda Delmar ya karya hannu, na goyo shi har gida. Na nema ban gane wurin ba.

Talata, 23 ga Yuni, da yamma

Na murza zangarniya a tafin hannu na ciji ƙwayar. Ta kusa. Na auna hatsin mutane shekaru masu yawa, haƙorina ba ya ƙarya: sati guda, in rana ta ci gaba a haka.

Kowa a nan ya san abin da ake yi in manomi ya kwanta lokacin girbi. Maƙwabta su bar nasu su kawo injuna, a yi masa gayya a yini ɗaya, mata su kawo abinci bakin gona. Ba a roƙo, ba a godiya mai yawa. Amma sai an san ya kwanta. Delmar kuwa, a idon mutane, kullum da safe yana wucewa a shuɗiyar motarsa da hularsa, yana ɗaga wa kowa yatsu biyu, har Vern. Wa zai yi wa mai lafiya gayya?

Na faɗa wa Arlys a waya. Ta ce Del ya ce zai dawo ya yanke abinsa da kansa. Na ce zai iya? Ta ce, "Leland, kada ka tambaye ni."

Ya kamata in tsayar da Orval a mararraba in sauke gilashi. Gobe.

Laraba, 24 ga Yuni

Ban faɗa wa Orval ba.

Alhamis, 25 ga Yuni, da safe

Orval ya yi mini hon sau biyu. Na amsa. Gari ya yi kyau ƙwarai yau, ba gajimare ko ɗaya. Gobe.

Asabar, 27 ga Yuni, da la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Ina dawowa daga Tudu, mota na tahowa cikin ƙura. Yatsuna suka tashi da kansu, don sati biyu da rabi ke nan ba su yi wani aiki ba sai wannan. Sai da muka gitta na ga farar motar Arlys ce. Tana tuƙi. A gefenta akwai wani tsoho da ban sani ba, ya jingina kai da gilashi. Tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya daga gefen taga.

Na tsaya a tsakiyar hanya har ƙurar ta lafa. Shekara talatin da ɗaya, kuma ni na riga. Ba ma da niyya ba.

Amma ya ɗaga. Na gani.

Lahadi, 28 ga Yuni, da hantsi

Sun sa masa kujera a baranda da bargo, a zafin nan. Na miƙa masa hularsa. Ya sa, ta sauko masa har kunne. Na mai da idona kan famfon iska.

"Farfesa."

"Delmar."

Kalmomin farko ke nan tun 1967. Arlys ta shige kicin ta fara buga tukwane da ƙarfi.

"Jiya ka ɗaga," na ce.

"Motata na gaisar. Na yi kewarta."

"Ni ke ciki."

"Ban duba ba." Ya yi tari ya huta. "An ce kana tuƙa ta kamar tsohuwa mai zuwa jana'iza. Kana zubar mini da mutunci. Kuma wa ya ce ka gaisar da Vern Kuhlman?"

"Ya gyara maka hanya."

"Aikinsa ne. Harajina ke biyansa."

Na ce alkama ta kusa, a bar ni in gaya wa Orval. Ya ce in na buɗe baki zai tashi ya shaƙe ni. Ya ce Laraba zai hau injin girbi. Hannunsa na kan bargo, ba ya iya riƙe kofi sai da biyu. Ya cire hular ya jefo mini, ta faɗi a tsakaninmu.

"Ɗauki. Ci gaba da zagayawa, su ga ina nan."

Na ɗauka. Zan iya cewa don ya umarce ni ne. Ni ne babba, bai taɓa umartata na bi ba.

Litinin, 29 ga Yuni

Ƙwaya ta yi ƙarfi, tana fashewa a haƙori. Zafi mai nauyi. Mun ci abinci a teburi ɗaya, mu uku. Ya ce gishirin shanu na sa a inda bai kamata ba.

Talata, 30 ga Yuni, da maraice

Hadari ya taso daga yamma da la'asar, gindinsa kore. Duk wanda ya girma a nan ya san wannan launin. Ina Tudu na gan shi yana tahowa, don daga can ana ganin komai tun da nisa, amfanin wurin ke nan kaɗai. Ƙanƙara ta sauka kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Ba ta daɗe ba.

Gonar yamma ta kwanta. Ba abin da za a ɗauka a ciki. Ta gabas da ta bayan gida suna tsaye.

Delmar ya kalla daga baranda. Ba zan duba abin da na rubuta ranar Talatar da ta wuce ba.

Laraba, 1 ga Yuli, da hantsi

Bai hau inji ba. Bai sauko daga gado ba.

Na shiga gari a shuɗiyar motar, na ajiye ta daidai tagar Twila inda Orval ke zama. Ya ɗaga kofinsa yana murmushi. Na fito a hankali don kowa ya gani, na cire hular na riƙe a hannu, na shiga. Har cokula suka yi shiru.

"Ina Del?"

Na gaya musu. Na faɗi sunan ciwon sau ɗaya, ba zan sake faɗa ba, ko a nan.

Orval ya ajiye kofinsa. "Tun yaushe?"

"Tun takwas ga watan jiya."

"Wato kai nake yi wa hon sati uku."

"Ni ne."

"Shi ya sa. Na ce wa matata Del ya kama addini, har murmushi yake." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Da ka sauke gilashi, Farfesa, da mun yanke ta yamma ranar Litinin."

"Na sani."

Ba wanda ya ƙara komai a kai, abin da ya fi zagi ciwo. Twila ta ajiye mini kofi ba ta tambayi baƙi ko da madara ba. Vern Kuhlman na can ƙarshen kanta. Ya ce, "To ni ba da Del na shirya ba ke nan." Na ce a'a. Ya yi tunani. "Ai na riga na gyara hanyar. Jibi ƙasa za ta bushe. Zan kawo babbar motar ɗana."

Juma'a, 3 ga Yuli, da yamma

Injunan girbi bakwai. Tun raɓa ba ta gama bushewa ba suka jeru a bakin hanya suna jira. Delmar ya ji ƙararsu daga ɗaki.

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa. Tashi ka shaƙe ni."

Ya zage ni da kalmomin Baba, har da waɗanda na manta. Da ya gaji ya ce, "To kai ni in gani, kada su bar mini rabi a ƙasa."

Ni da Arlys muka ɗora shi a kujerar gefe ta motarsa. Bai kai nauyin buhun iri ba. Na hau da shi Tudu. A hanya duk wanda muka gitta sai ya rage gudu, ya rasa wa zai ɗaga wa, sai ya ɗaga hannu duka.

"Orval ne wancan, ba shi yatsu biyu," in ji Delmar. "Wannan ɗaya ya ishe shi, bai mayar mini da sarƙata ba." Ya ga Vern tafe da mota cike da alkamarsa. Ya yi tsaki. "Ba shi biyu. Ka riga ka ɓata."

Daga Tudu muka ga injunan suna tafiya a jere cikin gonar gabas, ƙaiƙayi na tashi a bayansu. Mata sun shimfiɗa abinci a bayan motoci. Ta yamma tana ɗaya gefen, ba wanda ya juya can.

Na tambaye shi. Na yi shekaru ina shirya yadda zan tambaya, da jimloli masu kyau, amma abin da ya fito shi ne, "Ranar nan bayan wasiyya, ba ka gan ni ba ne?"

"Na gan ka sarai."

"To me ya sa?"

"Haushi nake ji. Kai ka tafi makaranta da sabon akwati. Ni na zauna da tsohon nan yana zagina shekara ashirin, na wanke shi da ya kasa tashi. Ranar da aka ba ni ƙasar da na riga na biya da gumina, ka shigo da fuskar wanda aka yi wa sata. Sai ka ɗaga mini yatsa kamar kana yafe mini."

"Gaisuwa ce kawai."

"Ba haka ta yi kama ba."

Bai ba ni haƙuri ba, ban ba shi ba. Na ce ina kwarin da ya karya hannu? Ya nuna da haɓa, gabas da inda nake nema. Ya ce ba goyo na yi masa ba, jan sa na yi a ƙasa. Ƙarya yake. Muka yi ta musu har Arlys ta aiko a ce mu sauko a ci abinci.

Litinin, 6 ga Yuli

Alkama na rumbu. Kwanukan abinci sun cika baranda, fasto ya zo sau biyu. Delmar ya yi kamar yana barci duka biyun.

Laraba, 8 ga Yuli, da hantsi

Kullum da safe yanzu muna hawa Tudu tare. Yana zama a mota da ƙofa buɗe, ni ina duba kwami. Yau wasu 'yan mata biyu daga Georgia suka tambaye shi ina ƙololuwar take. Ya ce su yi haƙuri, ƙanƙara ta tafi da ita satin jiya. Ɗaya ta yarda.

Ya ce tuƙina ya ɗan gyaru. Iska mai sanyi daga arewa. Ban tuna rabon da in ji daɗin sati kamar wannan ba, kuma na san bai dace in rubuta haka ba.

Juma'a, 10 ga Yuli

Bai iya hawa mota ba. Na je ni kaɗai na dawo na ba shi labarin wa na gani da yatsu nawa na ba kowa. Ya ce na yi kuskure a kan mutum biyu.

Asabar, 11 ga Yuli, da yamma

Maganin hawan jinina ya ƙare, dole in shiga gari. Surukin Orval ya ari a-kori-kurar don ɗauko wayar shinge, sai na fito da ƙaramar motata daga rumfa, kaji sun yi mata kaca-kaca. Delmar na kujerarsa a baranda, ido rufe, na ɗauka barci yake.

Na zo wucewa ta gaban gidan a hankali. Hannuwana duka biyu na kan sitiyari, ban motsa ko ɗaya ba. Ya buɗe ido. Ya dubi motar, ya dube ni ta gilashi, ya ɗaga yatsu biyu daga hannun kujera.

Wannan ba motarsa ba ce. Ba mai kewar motar nan a duniya.

Na amsa. Na kai mararraba na tsaya na ɗan jima, sannan na wuce gari. Da na dawo ya ce na manto masa taba, Arlys ta ce ba mai ba shi taba, ya ce, "Lee zai ba ni." Tun muna yara ba wanda ya kira ni haka.

Lahadi, 12 ga Yuli

Ruwa kaɗan da safe. Ya sha cokali biyu na miya.

Alhamis, 16 ga Yuli, da hantsi

Na hau Tudu da safe na yanke ciyawa, don gobe mutane za su zo daga coci su tsaya a can. Arlys ta ce in riƙe motar, shanu ba su san wata mota ba sai ita. A mararraba na haɗu da Orval. Ya ga shuɗiyar mota, hannunsa ya tafi kan hon, sai ya tuna ya fasa. Ya rage gudu ya leƙa ta gilashi har ya ga fuskata, sannan ya ɗaga biyu. Vern ya sake bin hanyar da gireda jiya, ba wanda ya sa shi.

Gonar yamma ta tafi, kusan sulusin alkamar bana. Delmar ya rasu ranar Talata da hantsi, a baranda, yana da shekara sittin da tara. Sati biyu na samu da shi. Talatin da ɗaya ɗin ba sa dawowa.